Yadda za ka kaɗa "Man of Constant Sorrow" da jita, ka rera ta da 'yan amshi

A fim ɗin O Brother, Where Art Thou? na shekarar 2000, wasu fursunoni uku da suka tsere daga gidan yari a jihar Mississippi ta Amurka sun shiga wani ɗan gidan rediyo a ƙauye tare da wani makaɗin jita da suka tsinta a hanya, suka tsaya gaban makirufo guda suka rera waƙa don a biya su dala goma-goma. Minti uku ɗin nan su ne abin da mutane suka fi tunawa a fim ɗin. Bakin George Clooney, jarumin fim ɗin, ne ke motsi, amma muryar Dan Tyminski ce, Harley Allen da Pat Enright kuma suna yi masa amshi. Waƙar kanta tsohuwa ce. Wani makahon mai goge ɗan Kentucky, Dick Burnett, ya buga baitocinta wajen 1913, Emry Arthur ya ɗauke ta a faifai a 1928, sannan 'yan uwan nan Stanley, Carter da Ralph, suka ba ta siffar da fim ɗin ya gada. Faifan waƙoƙin fim ɗin, wanda T Bone Burnett ya shirya, shi ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 2002.

Abin da zai ba mai koyo ƙwarin gwiwa shi ne kod uku kacal ke cikinta, kod kuwa sautuka ne da ake kaɗawa tare lokaci guda. Abin da zai ba shi wahala kuwa shi ne hannun dama da kuma numfashi.

Fara da saitin jitar, domin a nan akasari ake ɓata ta tun kafin a kaɗa. Ana buƙatar jita mai tsarkiyar ƙarfe. Ta nailan tana da laushi, ba ta cizo. Tsarkiya ta 6, wato mafi kauri, a saitin yau da kullum tana kan E. Sassauta ta har ta sauka kan D. Idan ba ka da na'urar saiti ko manhajarta a waya, kaɗa ta tare da tsarkiya ta 4, ka riƙa sassautawa har su biyun su zama sauti ɗaya, ɗaya ƙasa ɗaya sama, ka daina jin rawar da ke tsakaninsu. Dabara ita ce ka wuce D kaɗan zuwa ƙasa, sannan ka ɗaure ka dawo sama. Tsarkiyar da aka tsayar a kan sassautawa kawai takan koma sama da kanta bayan 'yan mintoci. Daga nan ɗaura kafo, wato matsin da ake damƙe wuyan jita da shi, a gaɓa ta 3 (gaɓoɓi su ne tazarar da ƙananan ƙarafa suka raba a wuyan jita), dab da bayan ƙarfen gaɓar. Siffofin D da G da A da yatsunka za su riƙe za su fito a matsayin F da B-flat da C, kuma a nan faifan yake. Bayan ka ɗaura kafo sake duba saitin, don matsin yakan ja tsarkiyoyi sama. Wanda ba shi da kafo zai iya kwantar da fensir a kan gaɓar ya ɗaure da robobi biyu ta baya. Yana aiki, sai dai tsarkiyoyin gefe sukan yi ƙara.

Duk gaɓar da aka ambata daga nan, daga kafo ake ƙirga ta.

Kod na D shi ne gidan waƙar, kuma ba D ɗin littafin koyo ba ne. Sa manuniya a tsarkiya ta 3 gaɓa ta 2, yatsan zobe a tsarkiya ta 2 gaɓa ta 3, ka bar cikin yatsan zoben ya ɗan kwanta a kan tsarkiya ta 1 ya kashe ta. Dalili: a D na yau da kullum tsarkiya ta 1 ce ke ɗauke da sautin da ke sa kod ya yi fara'a, alhali karin waƙar yana yawo ne a kan sautin da ke ƙasa da shi kaɗan, mai ɗaci. Idan ka bar su suka haɗu, sai su yi ta gogayya, waƙar ta koma kamar ta taron biki. Kashe ta kuma yana 'yantar da yatsan tsakiya, wanda shi ne zai yi duk adon.

Adon nan uku ne, duk a gaɓa ta 3: a tsarkiya ta 6, ta 5 da ta 4. Kaɗa tsarkiyar a buɗe, ka buga yatsan tsakiya a gaɓar da ƙarfi ba tare da ka sake kaɗawa ba, ko kuma ka kaɗa tana danne ka fizge yatsan ta koma buɗe. A tsarkiya ta 6 da ta 4, idan ka danne, ja ta da yatsan wajen ƙasa kaɗan, har sautinta ya hau kamar rubu'in sauti, kafin ka saki. Wannan ɗan jan shi ne kukan da kunne ke ji a farkon waƙar. Kar ka ja har ta kai sauti na gaba. Idan ta kai, ɗacin ya tafi.

G kuwa yana da tarko. Tunda ka sauke tsarkiya ta 6, gaɓa ta 3 da aka saba ba ta ba da G kuma, sai gaɓa ta 5. Sa yatsan zobe a can, ya kashe ta 5 da cikinsa, ka bar ta 4 da ta 3 a buɗe, manuniya ta kwanta a kan ta 2 da ta 1 a gaɓa ta 3. Ga A, kwantar da manuniya a kan ta 4, ta 3 da ta 2 a gaɓa ta 2, ka fara kaɗawa daga ta 5. Kar ka taɓa ta 6 a buɗe a kan A, za ta laɓe a ƙasa ta dagula kod ɗin.

Tsarin baiti ba ya canzawa: D, G, A, D, sai a maimaita, sai 'yan amshi su ɗauki layin ƙarshe daga A su sauke shi a D. Waƙar ma da wannan guntun amshin take buɗewa kafin jagora ya shigo.

Hannun dama shi ne ganga. Nemi ɗan robar kaɗawa mai kauri, wajen milimita 1. Siriri yana lanƙwashewa, sautin ƙasa ya fito a makare. A bugu na 1 kaɗa tsarkiya ta 6 ita kaɗai, a na 2 share siraran tsarkiyoyi uku da gajeren motsi, a na 3 kaɗa ta 4 ko ta 5, a na 4 sake sharewa. Ɗora gefen tafin hannu kaɗan a kan tsarkiyoyi masu kauri dab da gada, wato inda aka ɗaure tsarkiyoyin a fuskar jita, don su yi gurnani maimakon su yi ta amo. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa. Mai kaɗawa daga gwiwar hannu yakan gaji kafin baiti na uku, kuma yakan kuskure tsarkiyar da yake nema. Saita ma'aunin bugu, wato na'ura ko manhajar da ke ƙirga bugu, a bugu 60 a minti, ka kaɗa D kaɗai na minti biyar ba ado, sai ka ƙara 5 duk lokacin da ka zagaya baiti sau uku ba tuntuɓe. Wanda ya taɓa riƙe gurmi ko molo zai gane wannan hannun da wuri, tsarkiya ɗaya na riƙe ƙasa sauran na magana. Ba abin mamaki ba ne, banjo da ake ji a sigar da cikakkiyar ƙungiya ta kaɗa jikan irin waɗannan kayan kiɗan ne na Afirka ta Yamma, bayi suka ƙetara da iliminsa.

Sai rerawa. Kowane baiti yana buɗewa da jan kalmar farko, doguwar ja, jita na ci gaba da tafiya a kan D. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai koyo ya ji jan ya yi masa tsawo, ya yi tsalle zuwa G kafin lokaci, sai baitin ya gurgunce. Maganinsa: ja numfashi tun 'yan amshi suna kan layinsu, ka bar ƙafarka ta riƙe ƙirga, kar ka canza kod sai kalmar ƙarshen layin ta iso. Muryar kuma a gaba ake ajiye ta, kusa da hanci, a miƙe, ba karkarwa. Mutumin da ke cikin waƙar yana bankwana da Kentucky, yana lissafa shekarun wahala, yana sallama da masoyiyarsa, har yana faɗin inda za a binne shi, amma kiɗan yana gudu kamar jirgin ƙasa. Daɗin a wannan saɓanin yake. Wanda ya rage gudu don ya nuna baƙin ciki, ya sa kukan da ba a nema ba, ya kashe ta.

Idan F ta yi maka sama, kar ka shaƙe wuya. Matsar da kafo zuwa gaɓa ta 1, ko ka cire shi ka rera a D. Yatsu ba su canza komai ba. Murya siririya za ta iya gwada gaɓa ta 5 ko ta 7.

Amshin ba irin wanda aka saba a wajen makaɗan fada ba ne, inda 'yan amshi ke tafiya a kan kari ɗaya. A nan kowa da hanyarsa: ɗaya yana saman karin da tazarar sauti uku, ɗaya yana ƙasansa. Ku fara da riƙe sautin ƙarshe kaɗai, kowa a kan nasa sauti na kod ɗin, har ku ji ya zauna, sannan ku koma baya kalma-kalma. Na sama shi ne yakan zame ya faɗa kan karin jagora ba tare da ya sani ba, don haka ya toshe kunne ɗaya da yatsa a farkon koyo. Idan za ku ɗauka da waya, ku yi yadda aka yi a fim: makirufo guda, jagora a kusa, mai jita kamar taku ɗaya baya, 'yan amshi su matso lokacin layinsu su ja da baya in sun gama.

Tsarkiya ta 6 da aka sauke takan yi zizar idan tsarkiyoyin sirara ne. Tsarkiya ta 6 da kaurinta ya kai inci .053 ko .056 ta fi riƙe D. Lokacin hunturu katako yana bushewa, fuskar jita ta ɗan lotsa, tsarkiyoyi su kusanci ƙarfen gaɓoɓi, zizar ta ƙaru. Ajiye jitar a jakarta tare da ɗan soso mai danshi a cikin leda mai huji, kar soson ya taɓa katakon, ka riƙa jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku.