Yadda ake bin sawun maiƙo a cikin ƙwayar halitta mai rai

Ba zan tsaya kan rainon ƙwayoyin ba, na ɗauka ka iya wannan. Abin da zan nuna shi ne aiki da C6-NBD-ceramide, wato maiƙon da aka liƙa wa rini mai ƙyalli kore da ake kira NBD. Idan ya shiga ƙwaya yakan taru a Golji, wani sashe na cikin ƙwayar, inda ake sarrafa shi ya koma wasu nau'o'in maiƙo.

Inda masu koyo suke faɗuwa, ni ma nan na faɗi, shi ne shigar da rinin. Sai mutum ya ɗebo shi daga kwalba ya ɗiga kai tsaye cikin ruwan raino. Maiƙo ba ya jituwa da ruwa, sai ya dunƙule. Na taɓa shafe mako ina ɗaukar hoton ɗigo-ɗigo masu haske ina murna, ashe dunƙulen rini ne zaune a kan gilashi, har a wurin da babu ƙwaya ko ɗaya.

Don haka fara da haɗa rinin da BSA, furotin na jinin shanu mai ɗaukar maiƙo cikin ruwa, wanda aka cire wa kitse. Ya fi na gama-gari tsada, amma kada ka yi ƙoron kuɗi a nan, domin na gama-garin ya riga ya ɗauko nasa kitsen. Busar da rinin da iskar naitirojin, narkar da shi a ɗan itanol, sannan ka zuba a hankali cikin ruwan BSA yayin da injin girgiza yake juya shi. Ana so rinin da BSA su yi daidai, kowanne maikuromola 5 (ma'aunin yawan sinadari a cikin ruwa).

Wanke ƙwayoyin, ka zuba haɗin, ka bar su a digiri 4 na ma'aunin Salsiyos na minti 30. Sanyin yana tsayar da jigilar da ke cikin ƙwaya, sai rinin ya zauna a fatarta. Wanke da ruwan raino mai sanyi, ka mai da su digiri 37 na wani minti 30.

Idan hasken fata ya rufe Golji, sake wankewa da BSA zalla, zai zare rinin da ya rage a fatar.

Duba a madubin ƙara girma da hasken leza mai tsawon zango nanomita 488, cikin ruwan da babu jan rinin finol. NBD yana dusashewa da wuri, saboda haka rage ƙarfin haske, ka saita madubi a gefe guda, ka ɗauki hoto a wani gefen.