Yadda Ake Cin Moriyar Wasan Skyrim Duk da Rauninsa

Wasan bidiyo na The Elder Scrolls V: Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar ranar 11 ga Nuwamba, 2011, sannan ya sake fito da shi da ingantaccen hoto a 2016, yana miƙa wa mai wasa ƙasa guda ya zaga ta yadda ya ga dama. Wannan 'yancin yawo shi ne babbar nagartarsa, kuma daga cikinsa ne yawancin matsalolinsa suke tasowa, don haka sabon shiga yana buƙatar sanin inda zai saki jiki da inda zai yi hattara.

A farkon wasan, bayan ka tsira daga garin Helgen, inda dodon nan mai fukafukai, Alduin, yake kai hari, kada ka wuce duwatsu ukun da ke bakin hanyar ƙauyen Riverwood. Ɗaya na mayaƙi ne, ɗaya na boka, ɗaya na ɓarawo, kuma wanda ka zaɓa daga cikinsu zai ƙara maka saurin koyon fannoninsa da kashi 20 cikin ɗari. Wasan yana da fannonin ƙwarewa 18, kowanne yana haɓaka ne gwargwadon yadda ka yi aiki da shi. Tsari ne mai kyau, amma akwai tarko a ciki, domin ƙarfin maƙiya da yawa yana tashi tare da matakinka, wanda yake hawa yayin da fannoninka suke haɓaka. Wanda ya duƙufa kan ƙira da haɗa magunguna tun da farko, bai taɓa zare takobi ba, zai iske matakinsa ya yi sama alhali hannunsa bai yi ƙwari ba. Saboda haka ka zaɓi fannin yaƙi ɗaya ka riƙe shi, sana'a ta biyo baya.

Faɗan takobi shi ne inda wasan ya fi rauni, domin sau da yawa sara ne kawai da karewa har ɗaya ya faɗi. Kwari da baka tare da sanɗa sun fi armashi. Idan faɗa ya gundure ka, kana iya sauya matakin wahala a kowane lokaci.

Abin da nake roƙon mai karatu da shi musamman shi ne ya yi tafiya da ƙafa. Taswira tana ba ka damar komawa nan take duk wurin da ka taɓa zuwa, akwai kuma keken doki na haya a ƙofar birnin Whiterun, amma wanda ya dogara da su ya yi asarar abin da ya fi komai daɗi. A kan hanya ne za ka ga ƙatti suna kiwon manyan giwaye masu gashi a filayen Whiterun, ko ka hau dutsen Throat of the World zuwa gidan ibada na High Hrothgar cikin dusar ƙanƙara, ko ka shiga wani kango ka tsinci wasiƙar da ta bayyana abin da ya kashe mazaunansa. Ƙattin nan dai ka ba su tazara tun kana ƙaramin mataki, domin duka ɗaya ya ishe ka.

Kada ka karɓi kowane aiki da aka ba ka. Wasu ayyukan wasan ne ke ƙirƙiro su ba iyaka, duk iri ɗaya: je kogo kaza ka ɗauko abu kaza. Ka fi mai da hankali ga labaran ƙungiyoyi, kamar ɓarayin Riften da makarantar bokanci ta Winterhold, ko da yake a nan ma akwai giɓi, tun da mutum yana iya zama shugaban makarantar ba tare da ya ƙware a sihiri ba.

Kurakuran manhaja kuwa sanannu ne: wani lokaci aiki ya maƙale, ko wanda ya kamata ya yi maka magana ya ƙi. Ka riƙa adana wasanka a gurbi fiye da ɗaya kafin shiga kowane kogo, musamman idan kana inda ake yawan ɗauke wuta. Mai kwamfuta yana iya ɗora gyaran da masoya wasan suka haɗa, wato Unofficial Skyrim Special Edition Patch, kuma ya fi dacewa a ɗora shi kafin a fara sabon wasa.