Yadda ake gane ruwa ya shiga injin kwale-kwale, da yadda ake tare shi

Injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, irin Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40 da ake gani daga Yawuri har Baga, da ruwan kogi yake sanyaya kansa. Yana zuƙo shi ta ƙasa, ya zagaya da shi, ya fitar. Wannan ruwan yana da hanyarsa. Inda ba a son ko ɗigonsa wuri uku ne: cikin fetur, cikin man giya, da cikin silinda. Ko na yawon shaƙatawa ne jirginka ko na fito, binciken ɗaya ne, kuma daga mai arha ake farawa.

Mataki na 1: fetur. In inji yana tari, yana ɗauka yana saki, ko ya mutu da zarar ka ba shi wuta, kafin ka zargi komai tsiyayi fetur daga gindin tanki a kwalba mai haske, ka ajiye minti 10. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa, da layi tsakaninsu. In haka ne, juye tankin gaba ɗaya, ka wanke filta, ka sassauta ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta abin da ya taru ya zube. Yawanci daga jarka ruwan yake zuwa, ko ta ɗan mashaƙin murfin tanki da aka bari buɗe cikin damina.

Mataki na 2: man giya. A jikin ƙafar injin, kusa da farfela, akwai sukuru biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tsayar da injin, tara kwano, kwance na ƙasa sannan na sama. Mai lafiyayye launinsa kamar zuma ne, ko ya ɗan yi duhu. In ya fito fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara, ruwa ya shiga. In ruwa zalla ne ya fara ɗigowa kafin man, ɓarnar ta daɗe.

A nan nake son ka tsaya ka cire farfela. Sau da yawa za ka tarar da zaren fatsa ko guntun raga ya nannaɗe a jikin ƙarfen da ke juya ta, ya narke ya zama kamar zobe, ya ci robar da ke tare mai. Daga waje ba a ganinsa sam. Abu ne da bai kai tsawon hannu ba, amma shi ke cinye haƙoran giya. Sauya mai kawai ba magani ba ne; sai an sauya robar. Wajen zuba sabon man kuma, ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta sama, a ɗaure na saman, sannan na ƙasan, kowanne da sabon washa.

Mataki na 3: fulogi. Cire su ka jera. In ɗaya ya fita daban, fes kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa ko jan tsatsa a bakinsa, ruwa na shiga silindarsa, galibi saboda gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin silinda da murfinta, ya ƙone. Bakanike zai auna ƙarfin matsin kowace silinda. Wadda ta yi ƙasa sosai da 'yar uwarta ita ce mai ciwon. In injinka irin na zamani ne mai baƙin mai daban, wanda ba a haɗa masa mai da fetur, zaro sandar awon mai ka duba: launin madara, ko mai ya ƙaru da kansa, duk labarin ɗaya ne.

Mataki na 4: in igiyar tashin inji ta ƙi jawuwa, kada ka nuna mata ƙarfi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya cika saman fistin ka fizga, ƙarfen da ke riƙe da fistin ne zai lanƙwashe, aikin yini ɗaya ya koma sauke inji. Zare igiyar kashe wuta, cire fulogi duka, ka ja a hankali ruwan ya feso ta ramukan.

Mataki na 5: injin da ya nutse. Ba nutsewar ce ke kashe shi ba, iskar da ke bugunsa bayan an tsamo shi ce, don cikin 'yan awoyi tsatsa ke kama boris, wato ƙarafan da sassan injin ke juyawa a kansu. Ɗauraye shi da ruwa mai tsabta, cire fulogi, zubar da abin da ke cikin kafireta, jujjuya shi ruwan ya fita, ɗura mai ta ramin fulogi da ta bakin kafireta kana juya injin da hannu. Sa sabon fetur, tashe shi a ranar, ya yi aiki aƙalla rabin awa. Mai baƙin mai daban sai an sauya masa mai sau biyu ko uku, har ya daina fari. Amma in ka ji yana gurza kamar da yashi a ciki, ko yana cikin gudu ya nutse, kada ka tashe shi, kai wa bakanike ya buɗe.

Rigakafin ba shi da tsada. Duk lokacin da ka tashi inji, waiga ka ga siririn ruwan nan da yake tsartuwa ta baya. In ya tsaya, kashe nan take; ko ciyawa ce ta toshe mashigar ruwa, ko robar famfon da ke zuƙo ruwan ta mutu, kuma zafin da zai biyo baya shi ke ƙona gasket. Kada ka taɓa tashin inji a tudu ba ruwa, ko don "a ji muryarsa", domin robar nan ba ta kai minti ɗaya a bushe. Man giya a sauya duk awa 100 ko shekara guda, robar famfo kuma kada ta wuce awa 300 ko shekara 3, har ƙasa da haka in ruwanku mai yashi ne. Wanda ke shiga ruwan gishiri, irin na Legas, ya zagaya wa injin ruwan daɗi na minti 15 bayan kowace fita.

Saura kuskuren da aka fi yi a bakin gaɓa. An sauke inji, sai a kwantar da shi a ƙasa ko a bayan mota farfela na sama, kai na ƙasa. Ragowar ruwan da ke cikin ƙafar sai ya gangaro ta hanyar hayaƙi ya shige silinda, ya kwana a can. Tsayar da shi tukuna ya tsane, in kuma dole a kwantar, a sa wa kan matashi ya fi farfela tudu.