Yadda ake sa laburaren rumbun bayanai ya jure zare da yawa a Windows, Linux da macOS

Wani kantin magani a kusa da Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, na rubuta wa ƙaramin laburare, wato tarin lambobin da manhaja ke kira, da harshen C, wanda manhajarsu ke bi ta cikinsa ta yi magana da rumbun bayanai. Da safe komai lafiya lau. Da la'asar kuwa, in layi ya yi tsawo, sai manhajar ta tsaya cak, ko kuskuren mai sayarwa ɗaya ya fito a allon wani. Laifin nawa ne: zare huɗu, wato layukan aiki a cikin manhaja ɗaya (thread), ke gudu lokaci guda, duk hannunsu a kwano ɗaya, ni kuma ban tsara musu ci ba. Ga hanyar da na bi na gyara.

Fara da ƙidaya. Buɗe lambobinka ka nemo duk abin da aka ajiye a fili, wato duk wanda ke ɗauke da static ko wanda ke wajen kowane aiki. Mafi yawansu ba kwaɗo suke buƙata ba, wato makullin da ke hana zare biyu taɓa abu ɗaya tare, gida suke buƙata. Saƙon kuskure na ƙarshe, wurin tara amsar saba (server, kwamfutar da rumbun yake kanta), lambar tambaya, duk ka mayar da su cikin tsarin haɗi, wato layin da aka buɗe zuwa rumbun, kowane haɗi da nasa. Daga nan ka kafa doka ka rubuta ta ƙarara: haɗi ɗaya, zare ɗaya a lokaci guda. Dokar da libpq, laburaren rumbun bayanai na PostgreSQL, ke bi ke nan, kuma a ganina ta fi sa kwaɗo a kan kowane kira, domin ko ka kulle, zare biyu da ke raba haɗi ɗaya za su cakuɗa cinikinsu a wajen saba.

Sai ayyukan C da ke ɓoye ajiyarsu a ciki. Nan ne aka fi shan wahala, ka natsu. strtok, localtime, strerror da gethostbyname duk an yi su ne tun kafin zare ya zama ruwan dare. A Linux da macOS ukun farko suna da 'yan uwa masu ƙarewa da _r, a Windows kuma masu ƙarewa da _s, amma ba tagwaye ba ne. localtime_r yana karɓar lokaci kafin wurin ajiya, localtime_s na Windows ya juya su. strerror_r ma iri biyu ne: na POSIX yana mayar da lamba, na GNU yana mayar da rubutun da kansa, kuma wani lokaci ba ya ko taɓa wurin da ka ba shi. Wannan kaɗai ya cinye mini yini guda ina neman dalilin saƙo fanko. Shi gethostbyname ka sallame shi, getaddrinfo yana aiki a duka ukun.

Kada ka warwatsa #ifdef, mai ware lambobin kowane tsari, a ko'ina. Yi fayil ɗaya siriri mai sunayenka na kanka: kulle, buɗe, yi sau ɗaya, ajiyar zare. A ƙarƙashinsa pthread_mutex_t ya tsaya wa Linux da macOS, CRITICAL_SECTION ko SRWLOCK ya tsaya wa Windows. Ka lura da tarkon da ke nan: CRITICAL_SECTION yana barin zaren da ya riga ya kulle ya sake kullewa, kwaɗon pthread na asali ba ya yarda. Abin da ya wuce sumul a Windows yana iya sandarewa a Linux. Ka rubuta kamar babu sake kullewa ko kaɗan. In kwaɗo biyu za ka riƙe, ka tsayar da wanda ake fara ɗauka, kada ka taɓa saɓa jerin.

Shirin farko, irin su WSAStartup da Windows ke buƙata kafin a buɗe soket, wato ƙofar sadarwa ta network, ka sa ya gudu sau ɗaya tak. Kada ka dogara da duba ko wata tuta ta zama 1, zare biyu za su iya ganin 0 tare. Yi amfani da pthread_once, a Windows kuma InitOnceExecuteOnce, wanda ya zo da Vista. In har tsohon OpenSSL, laburaren ɓoye saƙo, ne a injin, wanda ya gabaci 1.1.0 na 2016, sai ka ba shi ayyukan kullewa da hannunka, daga 1.1.0 shi ke yi da kansa.

Network ɗinmu yakan yanke ba sallama, saboda haka SIGPIPE zai same ka. Rubutu a soket da ya mutu ne ke tayar da wannan siginar, ita kuma ta kashe manhajar gaba ɗaya. Laburare ba shi da hurumin sauya siginar mai gida, wato manhajar da ke kiransa. A Linux ka aika da MSG_NOSIGNAL, a macOS ka sa SO_NOSIGPIPE a kan soket ɗin, Windows ba shi da wannan siginar. Kuskuren soket a Windows kuma daga WSAGetLastError ake karɓarsa, ba errno ba, kuma ka kwafe shi nan take kafin wani kira ya goge.

Gwaji ya zo ƙarshe, amma kada ka yi masa rowa. Tayar da zare hamsin, kowanne ya buɗe haɗi, ya yi tambaya, ya rufe, sau dubbai. Haɗa shi da -fsanitize=thread a GCC ko Clang, zai nuna maka layukan da zare biyu suka yi karo ko da manhajar ba ta faɗi ba. Sannan ka zare wayar intanet yana tsaka da aiki, ka maimaita a kan Windows na gaske, irin kwamfutar da ke kan kantar shagon.