Yadda Ake Horar da Matashin Ɗan Tseren Mita 800 da 1500

Tseren matsakaicin zango yana son abu biyu a jiki guda: zafin ƙafa da juriya. Yawanci matashi da ɗaya yake zuwa, koci ne zai gina masa ɗayan. Abin da ya fi lalata yara masu baiwa shi ne gaggawa, a ɗora wa ɗan shekara 14 atisayen babba don kawai ya ci gasar makaranta.

Daga shekara 13 zuwa 15, gudu na kwana uku ko huɗu a mako ya wadatar, minti 20 zuwa 40, a hankali. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan ba ya iya magana yana gudu, ya yi sauri da yawa. Sau biyu a mako, bayan ya gama, ya yi mita 80 sau biyar da hanzari amma jiki a sake. Kada a hana shi ƙwallo ko tsalle-tsalle, domin suna ƙarfafa sassan da gudu kaɗai ba ya taɓawa. Idan za a ƙara nisa, kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako, kuma a mako na huɗu a sassauta.

Daga shekara 16 ake shigo da atisaye mai zafi, sau biyu a mako, da tazarar awa 48 a tsakani. Mai mita 800 ya yi mita 200 sau shida da saurin da yake son yi a gasa, yana hutun minti biyu zuwa uku. Mai 1500 ya yi mita 400 sau shida zuwa takwas, hutu minti biyu. Ga inda ake kuskure: yaro ya zuba duk ƙarfinsa a na farko, ya zo na biyar yana jan ƙafa. A riƙe agogo. In lokacinsa ya fara zamewa da daƙiƙa biyu ko uku, a tsayar da shi, abin da zai biyo baya gajiya ce kawai. Kafin a fara, a ɗumama jiki da sassarfa ta minti 10 zuwa 15.

Dabarar tsere ita ma koyarwa ake yi. A mita 800 kowa yana layinsa har ƙarshen kwanar farko, sannan a haɗu a layin ciki. Kada ya yanko ciki farat ɗaya; ya shigo a karkace, sannu a hankali. Wanda ya yi zagaye cikakke a layi na biyu ya ƙara wa kansa kusan mita bakwai, wanda kuma ya maƙale a ciki bayan wani, aka rufe shi ta gefe, ba shi da hanyar fita. Mazauni mafi kyau shi ne daf da kafaɗar dama ta na gaba. Zagayen farko kan ɗan fi na biyu sauri: lokacin da David Rudisha na Kenya ya kafa tarihin duniya a Landan a 2012 da minti 1 da daƙiƙa 40.91, ya yi zagayen farko a daƙiƙa 49.28. Bambancin daƙiƙa biyu zuwa uku daidai ne. In ya kai biyar ko shida, yaron ya fita da zafi fiye da kima.

Batun rauni kada a yi masa sakaci. Ciwon ƙwauri kan zo ne idan an ƙara nisa da sauri lokaci guda, ko an yawaita gudu a kan kwalta. A rage aiki, a koma ciyawa ko ƙasa mai laushi. Amma idan ciwon ya tsaya wuri ɗaya da za a iya nunawa da ɗan yatsa, kuma yana nan ko ana tafiya, yana iya zama tsagewar ƙashi: a daina gudu, a ga likita. Takalmi mai ƙusoshi na ranar gasa ne da atisayen sauri kaɗan, domin yana wahalar da agara.

Barcin awa takwas zuwa goma da cin abinci isasshe wani ɓangare ne na horon, kuma kada koci ya matsa wa yaro kan rage ƙiba. Yarinyar da al'adarta ta ɗauke wata uku, ko matashin da kullum yake a gajiye lokacinsa na ja baya, a kai su asibiti a auna jininsu kafin a ƙara musu ko mita ɗaya.