Darasi na 9: Itacen Lemu da Ire-irensa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano lokacin hunturu ya ga yadda manyan motoci ke juye lemu tsibi-tsibi. Yawancinsa daga jihar Binuwai ake kawo shi, daga yankin Gboko da Ushongo da Vandeikya. A Nijar kuwa an san garin Gaya da lambunan lemu. Asalin itacen daga nahiyar Asiya yake, wajen Indiya da Sin, fatake ne suka yi ta yaɗa shi har ya iso mana.

Lemu dangi ne babba. Akwai lemun zaƙi, wanda mai talla ke fere wa bawo da wuƙa, ya yanke masa kai, ka matsa ka tsotse. Shi ma iri-iri ne. Balanshiya yana da ruwa sosai kuma yana nuna a makare, shi ya sa yakan yi kuɗi bayan sauran sun ƙare a kasuwa. Ibadan Swit yana da zaƙi. Akwai kuma mai cibiya a gindinsa, wanda ake kira Washintan, ba shi da ƙwallaye sosai. Tanjarin ƙarami ne, da farce ake ɓare shi, yara na sonsa. Tanjalo ruwa biyu ne, haɗin tanjarin da dangin garehul. Shi garehul babba ne, yana da ɗaci-ɗaci. A nan a kula: mai shan maganin hawan jini ya tambayi likita kafin ya riƙa shan garehul, domin yana ƙara wa wasu magunguna ƙarfi a jiki fiye da kima.

Sai lemun tsami, abokin uwargida. Da shi ake kashe ƙarnin kifi, a ɗiga a shayi ko zoɓo, a kwaɓa lalle. A ganina, gidan da ke da fili a bayan ɗaki ya fara da shi, don ya fi sauran jure zafin Arewa. Dukkan dangin lemu suna ɗauke da bitamin C, mai taimaka wa dasashi da warkewar rauni.

Yanzu ga babban abin da nake so ku riƙe, 'yan uwa. In za ku dasa lemu, ku nemi ɗan aure, wato dashen da aka haɗa masa idon reshen wata bishiya mai 'ya'ya masu kyau. Wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara 6 zuwa 8 kafin ya yi 'ya'ya, ga ƙaya, ga tsawo. Ɗan aure kuwa a shekara 3 ko 4 yake fara haihuwa, kuma irin da aka ɗauko shi zai ba ka.

Yaya ake auren? Mai lambu yana renon ƙaramin dashe mai jure cuta har kaurinsa ya kai na fensir. Sai ya yanko ido ɗaya daga reshen bishiya mai 'ya'ya masu kyau. Ya tsaga bawon dashen, ya zura idon a ciki, ya naɗe da leda. Bayan mako 2 zuwa 3 ya kwance. In idon yana nan kore shar, aure ya kama. Daga baya sai ya yanke kan dashen don idon ya tofo. Saboda haka in ka je sayen dashe, tsuguna ka duba gindinsa. Za ka ga ɗan gwiwa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. In babu wannan tabo, kada ka biya kuɗin ɗan aure. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano da Dadin Kowa ta jihar Gombe, kuma malamin gona na yankinku zai iya nuna muku inda ake samun dashe mai kyau.

A yi dashe in damina ta zauna. A haƙa rami mai zurfin santimita 60, wato ya ɗan wuce gwiwa, faɗinsa ma haka. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Tsakanin itace da itace a bar mita 7. Kada a binne wurin auren, ya zauna a sama da ƙasa.

Lemu na son ruwa, amma ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. In ya kwanta, bawon ya ruɓe, ƙaro ya fara tsattsafowa, ganye ya yi rawaya, itace ya mutu a tsaye. Yi masa kwarin ban ruwa a kewaye, nesa kaɗan da jikinsa. A kange shi da ƙaya saboda awaki. Duk tohon da ya fito a ƙasan wurin aure a cire shi tun yana ɗanye. In ka bar shi zai rinjayi na sama, ka wayi gari da lemu mai tsami wanda ba ka saya ba.

Wajen tsinka, kada launi ya ruɗe ka. A ƙasa mai zafi lemu yakan nuna yana kore, sanyin dare ne ke sa bawonsa ya yi ruwan ɗorawa. Kuma ba kamar mangwaro ko ayaba yake ba, da zarar an tsinke shi ba ya ƙara zaƙi. Tsinki ɗaya ka ɗanɗana tukuna.

Aikin gida

Rubuta sunayen lemu iri 4 a littafinka. Idan gefen gonarka mita 35 ne, kuma ka dasa na farko daidai kan iyaka, itace nawa layi ɗaya zai ɗauka? Kafin darasi na gaba, je wurin mai sayar da dashe, ka ce ya nuna maka wurin aure, ka rubuto farashin ɗan aure da na wanda ba a aura ba.