Yadda ake gano dalilin da ya sa binciken LDAP ke tsallake wasu ma'aikata a Active Directory

Wata safiya oga ya kira ni rai a ɓace, wai manhajar da ke ɗauko sunayen ma'aikata daga Active Directory, wato rumbun Microsoft da ke riƙe asusun ma'aikata, ta cinye mutane, wasu na shiga lafiya, wasu kuma ta ce sam ba ta san su ba, alhali da wannan asusun suke buɗe kwamfuta kullum. Na kusa cinye wunin ina zargin sabar, har na yi mata ristat sau biyu, a banza. LDAP dai shi ne yaren da manhajar ke tambayar Active Directory da shi. In ka faɗa irin wannan, ga yadda nake bi yanzu.

Da farko ka ƙirga. Kafin ka taɓa komai duba mutum nawa binciken ya dawo da su. In ka ga 1000 cif, to ka huta, ba aljanu ba ne, Active Directory ce ke da iyaka mai suna MaxPageSize, kuma a 1000 take zuwa daga Microsoft. In OpenLDAP, wata sabar LDAP ta daban, kake amfani da shi iyakarsa ta asali 500 ce. Sabar tana ma faɗa maka, tana turo lambar kuskure 4, wato sizeLimitExceeded, sai dai manhajoji da yawa haɗiye saƙon suke su miƙo maka abin da suka samu kamar ya cika. Maganin shi ne ka nemi sakamakon shafi-shafi. A ldapsearch ƙara `-E pr=500/noprompt`, in kuma DirectorySearcher ne a .NET ka ba PageSize lamba, don in ka bar shi a 0 dubu ɗayan nan kawai za ka gani. Get-ADUser na PowerShell shi da kansa yake wannan, shi ya sa yake da daɗin gwadawa. Wasu kan je su ɗaga MaxPageSize ɗin a sabar, ni dai ban yarda da haka ba, ka ɗora wa sabar nauyi ne kawai, gobe ma'aikata su ƙaru ka koma gidan jiya.

In lambar ba 1000 ba ce, sai mataki na biyu, wanda a wurina shi ne aikin gaba ɗaya: ka daina kallon jerin, ɗauki mutum ɗaya da ya ɓace da mutum ɗaya da yake fitowa, ka zazzage bayanansu gefe da gefe. `Get-ADUser sunansa -Properties *` ya isa, ko ka buɗe ldp.exe. Abin da ya bambanta su shi ne ɓarawon.

Fara da distinguishedName, wato adireshin inda asusun yake zaune. In bincikenka ya fara daga OU, wato folda,  ta ma'aikata, shi kuma bawan Allah yana can cikin CN=Users inda sabon asusu ke faɗawa in ba a zaɓa masa wuri ba, ai ko shekara za ka yi ba za ka gan shi ba. Lura ma, CN=Users ne ba OU=Users ba, wannan ta kayar da mutane da yawa. Duba zurfin binciken kuma, onelevel bakin ƙofa kawai yake tsayawa, subtree ne ke shiga har ƙuryar ɗaki.

Sai filta, nan fa ake yin ta. Mutane na son rubuta `userAccountControl=512` don su ɗauko asusun da ke aiki kaɗai. Matsalar ita ce wannan lamba tarin tutoci ce ake haɗawa, 512 na nufin asusu na yau da kullum, amma duk wanda aka sa wa alamar kalmar sirrinsa ba ta ƙarewa an ƙara masa 65536, ya koma 66048, filtarka ta wuce shi fuu ko waiwaye babu. Abin da ya dace shi ne ka cire waɗanda aka kashe kawai:

`(!(userAccountControl:1.2.840.113556.1.4.803:=2))`

Haka `mail=*`, duk wanda ba a cike masa imel ba ya tafi.

Ta gurup kuwa ta fi ban haushi. memberOf, wato jerin gurup-gurup da mutum ke ciki, ba ya nuna gurup ɗin mutum na asali, wanda ga yawancin mutane Domain Users ne, don haka in ka ce a kawo maka 'yan Domain Users ta memberOf za ka ga wayam ko 'yan tsiraru. Wannan a primaryGroupID ake ajiye shi, lambar Domain Users kuma 513 ce, sai ka nema da `primaryGroupID=513`. Sannan memberOf ba ya bin gurup cikin gurup, in an zuba gurup ɗin sashen akanta cikin na ma'aikata duka, mutanen akanta ba za su fito ba sai ka sa `memberOf:1.2.840.113556.1.4.1941:=` kafin adireshin gurup ɗin. Yana da nauyi fa a babban kamfani, kar ka sa shi yana gudu kowane minti. In kuma member na gurup, wato jerin 'yan cikinsa, kake karantawa kai tsaye, sabar na tsayawa a 1500, za ka ga ta dawo da `member;range=0-1499`, sauran sai ka sake tambaya daga 1500.

In duk wannan daidai yake, tambayi kanka ko mutumin ma a domen ɗinku yake. Fot 389 da 636, ƙofofin LDAP na yau da kullum, domen ɗaya suke gani, in kuna da fiye da ɗaya ka koma Global Catalog, kundin da ya haɗa duka domen ɗin, a 3268, ko 3269 mai tsaro, amma ka sani ba duka bayanan mutum yake riƙewa ba, in filtarka ta dogara da wanda babu a can za ka sake rasa mutane.

Saura biyu masu sauri. Gwada binciken da asusun da manhajar ke shiga da shi, ba naka na admin ba, don kai kana ganin komai, shi kuwa wataƙila an hana shi karanta wani OU, kuma sabar ba za ta ce uffan ba, tsallakewa kawai za ta yi. In kuma asusun sabo ne fil, ƙila bai iso sabar da kake tambaya ba tukuna, `repadmin /replsummary` zai nuna maka in kwafin da sabobi ke tura wa juna ya maƙale.

Tawa dai a 512 ɗin nan ta ƙare. Da na jera mai fitowa da wanda ba ya fitowa sai ga 66048 ɓaro-ɓaro a gaban wanda ya ɓace, ashe manyan ofis ne suka gaji da canza kalmar sirri aka sa musu alamar, shi ya sa duk waɗanda suka ɓace masu manyan kujeru ne, har da ogan da ya kira ni. Filtar kuma ni na rubuta ta da hannuna. Na canza layi ɗaya, na sake gudanar da binciken, sunansa ya fito na uku.